Yadda za ka gwada bindigar gasa ta .22 (mai ƙaramin harsashi, kaurin inci 0.22) kafin ka zuba kuɗinka

Toh in kana ruwan ido tsakanin Anschütz ta Jamus da CZ 457 mai sauƙin kuɗi, je filin harbi mai lasisi ka ɗora kowacce kan buhun yashi saboda rawar hannu, ka harba biyar-biyar a mita 50, nisan da ake gasar Olamfik kenan. Auna faɗin inda harsasan suka taru, wadda nata suka fi matsewa ita ta fi, ka maimaita, sannan ka canza harsashi, na kamfanin Eley ko Lapua, don wallahi .22 akwai tsirfa, wanda wannan ta karɓa waccan sai ta watsar da shi. Ni abin da ke burge ni da mai tsadar kunamarta ce, ɗan taɓawa kaɗan ta tashi, saitinka bai goce ba. Amma in sabon shiga ne kai CZ ta ishe ka, canjin ka sayi harsashi mai kyau.