Babi na 7: Karanta Shekaru Cikin Tarihin Sergio Osmeña

Darasi na 1

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko. Daga hannun hagu ake farawa. Kada a tsaya sai an kai aya, wato ɗigon da ke ƙarshen jimla. Sunan mutumin baƙo ne, sai mu gutsura shi: Os-me-nya.

Filifin ƙasa ce ta tsibirai a kudu maso gabashin Asiya. Sifaniyawa sun mulke ta sama da shekara 300, sannan Amurka ta karɓe ta a 1898. An haifi Osmeña a Sebu, wani lardi na Filifin, a 1878. Ya yi karatun lauya, ya buɗe jarida a 1900, ya yi gwamnan lardinsu. A 1907 Amurkawa suka bari aka zaɓi majalisa mai kujera 80, shi kuma aka zaɓe shi kakakinta. Sai dai akwai wata hukuma da Amurka ta naɗa, doka ba ta wucewa sai da yardarta.

Mata ba su jefa ƙuri'a ba. Namiji ma sai ya kai shekara 23, kuma ko yana da dukiya, ko ya taɓa riƙe muƙami, ko ya iya karatu da rubutu da Turanci ko Sifaniyanci. Talakan da bai iya karatu ba, ba wanda ya ji ta bakinsa. Dokar farko da wannan majalisa ta yi ita ce ware kuɗi peso miliyan ɗaya don gina makarantu a ƙauyuka. Saboda wannan doka na zaɓo muku labarin.

Darasi na 2

Nan ne inda aka fi tuntuɓe. Dubi 1907. Lambobi huɗu ne. Ɗora yatsa a kan ta hagu: 1, dubu ɗaya. Matsa gaba: 9, ɗari tara. Matsa: 0, sifiri, gurbin gomomi ba kowa. Matsa: 7, bakwai. Dubu ɗaya da ɗari tara da bakwai.

A sake. Ɗaya, tara, sifiri, bakwai. Sifirin ne ya riga bakwai zuwa. Madalla, Baba. Hajiya, sannu da ƙoƙari, a ƙara sau ɗaya.

Yanzu dubi 1970. Ɗaya, tara, bakwai, sifiri: dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in. Lambobin ɗaya ne, mazauninsu ne ya bambanta. In ka ce Osmeña ya zama kakaki a 1970, ka ba shi kujera bayan ya shekara tara a kabari, domin a 1961 ya rasu.

Rubuta 1907 da fensir sau biyar, kana faɗa da baki. Sifiri tukuna, sannan bakwai. Wanda ya juya su kada ya ji kunya, ya goge ya sake. Amma masu ɗaga yatsa suna cinka da ido, don Allah ku daina! Na sha faɗa, gaggawa ce ke kayar da ku, kuma wanda bai taɓa littafinsa a gida ba, da gani ana ganewa. Mai da yatsa hagu. Ɗaya, tara, sifiri, bakwai.

Darasi na 3

Shekarunsa nawa da ya zama kakaki? Daga 1878 zuwa 1900, shekara 22. Ƙara 7, ya zama 29. Ya riƙe kujerar har 1922, sannan ya koma majalisar dattawa. Lissafa shekarun da ya yi yana kakaki.

Darasi na 4

Ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 1935, shugaba a 1944 bayan rasuwar shugaban ƙasar, Manuel Quezon. Ya faɗi zaɓe a 1946, shekarar da Filifin ta sami 'yancin kai. Jera waɗannan shekaru daga ƙarama zuwa babba, a kawo ranar Asabar.