Yadda ake kwaɓa jan lalle a gida ya kama sosai ba tare da dayis ba

A 'yan shekarun nan ƙunshin da 'yan mata ke yayi a Kaduna shi ne haɗin ja da baƙi: jan lalle a yatsu da tafin ƙafa, sannan zanen fulawa na baƙi a bayan hannu. Yana da kyau, babu musu. Matsalar tana cikin baƙin. Ganyen lalle ba ya ba da launin baƙi, iyakarsa ja mai duhu. Abin da ake kira dayis galibi rinin gashi ne mai ɗauke da sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don fata ba. A Tarayyar Turai ko a rinin gashi ba a yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 ba bayan an haɗa, kuma an hana shafa shi a fata. Jan lalle kuwa, idan an kwaɓa shi daidai aka ba shi lokaci, yana yin duhun da zai ishe ki kwalliyar salla ko ta biki.

Ki fara da garin lallen

Rabin aikin yana nan. Idan kin shiga Kasuwar Barci ko Babbar Kasuwa, ki ce a buɗe miki ki gani kafin ki biya. Sabon gari kore ne mai ɗan duhu, yana ƙanshin busasshen ganye. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya tsufa ko ya sha rana, ba zai kama ba ko kin kwana da shi. Wanda korensa ya yi shar fiye da kima kuma ki yi hattara, wani lokaci rini ake zuba masa don ya ja hankalin mai saye. Ki sayi kaɗan, ki ɗaure a leda ki ajiye inda babu zafi da haske.

Ki tankaɗe shi sau 2 ko 3 da tsohon gyale mai laushi. Rariyar tuwo ba ta isa ba idan zane za ki yi, domin ɗan guntun kara ɗaya ya isa ya toshe bakin leda.

Kwaɓin

Ga abin da zai ishi hannu biyu:

Garin lalle, babban cokali 4 a cike, kimanin giram 25.
Ruwan lemun tsami da aka tace, babban cokali 4 zuwa 5.
Sukari, ƙaramin cokali 2.
Muhallabiya, ƙaramin cokali 1, ta kwalba rufaffiya, ba wadda aka ɗura ba tare da an san me ke ciki ba.

Ki zuba garin a kwanon tangaran ko roba, ki riƙa zuba lemun tsamin kaɗan-kaɗan kina juyawa har ya yi kaurin tuwo mai laushi. Ki sa sukari da muhallabiya, ki juya har gudaji su mutu. Sai ki shimfiɗa leda a kan kwaɓin ta manne da shi, iska kada ta shiga, ki ajiye.

A nan yawancin mutane ke kuskure: a kwaɓa yanzu a shafa yanzu. Launin lalle yana cikin ganyen ne, sai ya jiƙu na sa'o'i yake fitowa, kuma tsami yana sa ya fito a hankali ya daɗe da ƙarfinsa. A zafin Maris da Afrilu awa 6 zuwa 8 sun isa. Da sanyin hunturu, a Disamba da Janairu, ki bar shi ya kwana, awa 12 ko fiye. Gwajin ba wuya: ki ɗiga kaɗan a tafin hannu, ki goge bayan minti 5. Idan ya bar tabo mai launin lemo mai haske, ya nuna. Idan tabon ya yi dishi-dishi, ki ƙara masa lokaci. Kada kuma ki bar shi kwana biyu a ɗaki mai zafi, launin zai gama fita ya mutu a kwano.

Bayan ya nuna ki sassauta shi da ɗan ruwa har ya zama idan kin ɗaga cokali yana zubowa a hankali ba ya tsinkewa. Sukarin shi ke sa ya manne a fata ya kuma ja zare. Da hunturu ki ƙara rabin ƙaramin cokali na sukarin, don iskar tana busar da shi ya farfashe ya zube kafin ya kama. Da damina ki rage, in ba haka ba zanen zai narke ya baje.

Wasu na zuba kananzir ko fetur wai don ya yi duhu. Don Allah kada ki yi, kada kuma ki yarda mai ƙunshi ta yi miki. Ƙona fata suke yi, ga shi za a rufe su a jiki na sa'o'i. Mai fata mai saurin ƙaiƙayi ta raba lemun tsamin biyu ta cika da ruwa.

Shafawa da ƙunsawa

Ki wanke hannu da ƙafa da sabulu, ki tsane sarai, kada ki shafa mai ko basilin, domin maiƙo yana tare launi. Idan na salatef ne, ki manna shi ki danne gefensa da kyau don kwaɓin kada ya kutsa ta ƙasa, sannan ki shafa da kauri. Idan zane ne, ki naɗe leda mai ɗan ƙarfi kamar mazurari, ki ɗura, ki liƙe sama, ki huda baki ƙarami.

Da ya fara bushewa, bayan kamar minti 20 zuwa 30, ki jiƙa auduga a ruwan lemun tsami mai sukari ki ɗan daddanna a kai. Na ƙafa ki rufe da leda ki sa safa. Na zane ki lulluɓe da auduga ko tsumma mai laushi, don leda kai tsaye tana tara gumi ta ɓata zane. Lalle yana son ɗumi da daɗewa: aƙalla awa 4, awa 6 zuwa 8 sun fi. Shi ya sa iyayenmu ke ƙunsawa bayan isha'i su cire da asuba.

Wajen cirewa ki kankare da bayan cokali, ki shafa man kaɗe ko man zaitun. Za ki gan shi kalar lemo, kada ki ce bai kama ba. Yana ci gaba da duhu ne da iska cikin kwana 1 zuwa 2, saboda haka ƙunshin biki ana yinsa ne saura kwana biyu. Ban da alwala, ki rage taɓa ruwa a ranar farko, wanki da omo da wanke-wanke su jira. Tafin hannu da na ƙafa sun fi ɗaukar launi saboda kaurin fatarsu, bayan hannu kullum ya fi haske. Mai son ya yi duhu sosai ta sake maimaitawa a dare na biyu. Yakan ɗauki mako 1 zuwa 3 kafin ya goge.

Idan an riga an yi miki dayis

Illarsa ba lallai ta bayyana a ranar ba. Wadda jikinta bai taɓa haɗuwa da PPD ba, ƙaiƙayi da kumburi da ƙuraje masu ruwa suna iya fitowa bayan mako ɗaya ko biyu, daidai bisa layin zanen. Wadda ya taɓa kamawa, cikin kwana 1 zuwa 3. Cewa kin sha yi ba abin da ya same ki ba kariya ba ce, jiki yana iya juyawa a karo na biyar ko na goma, kuma idan ya juya, har rinin gashi zai riƙa tayar miki da shi. A fatarmu tabon yakan zauna baƙi ko fari na tsawon watanni.

Ki wanke wurin da ruwa da sabulu mara ƙarfi, ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada ki fasa ƙurajen, kada ki shafa man goge baki ko man bilicin. Ki je asibiti, kamar Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, ki faɗa wa likita abin da aka shafa miki. Idan fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a tafi nan take.

Jarirai kuma kada a yi musu lalle ko da ja ne. Akwai larurar jini ta gado da ake kira ƙarancin G6PD, tana da yawa a Najeriya musamman ga 'ya'ya maza, kuma lalle yana iya fasa ƙwayoyin jinin mai ita. Duk yaron da idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu bayan an sa masa lalle, a kai shi asibiti a ranar.