Rabin maraton a babban birni: inda ƴan gudun Damagaram ke tuntuɓe

Muna da yara masu ƙafa a Damagaram. Duk wanda ke fita bayan sallar asuba ta hanyar Mirya ko ta Magarya ya san su, wani da takalmin ƙwallo, wani da na roba, suna cin hanya kafin rana ta ɗago. Abin da ke damuna shi ne, idan ɗayansu ya samu dama ya tafi tseren rabin maraton a babban birni, lokacin da yake dawowa da shi ba ya kai abin da ƙafarsa ke iyawa. Kuma yawancin abubuwan da ke kayar da shi ana iya gyara su tun daga gida.

Tsawon tseren kilomita 21 ne da mita 97 da rabi. Daga nan zuwa Mirya wajen kilomita 18 ne, sai ka ƙara uku a kai. A waɗannan ukun na ƙarshe ake gane wanda ya yi lissafi tun farko.

Babban kuskure, wanda ya fi sauran duka tsada, shi ne fita da wuta. A babban birni dubban mutane ne ke tsaye wurin tashi, ga kiɗa, ga lasifika, ga ƴan Kenya da Habasha a sahun gaba, mutanen da yaro bai taɓa gani ba sai a waya. Ana harba bindiga sai zuciya ta ce masa ya manne musu. Kilomita biyun farko ba ya jin komai, jiki sabo ne, jama'a na ta ihu. Daga kilomita na 12 ƙafa ta fara nauyi, a na 16 cinya ta ɗaure, waɗanda ya wuce ɗazu suna wuce shi ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa ba shi da abin mayarwa. In ka tambaye shi daga baya sai ya ce, "Koci, wallahi jikina ne ya ce in tafi." Ƙanena, a kilomita na biyu jikin kowa haka yake cewa. Sauri ya haifi nawa.

Ya kamata ka san saurin mutanen da kake son bi. A 2024, a birnin Balensiya na ƙasar Sifen, Yomif Kejelcha na Habasha ya gama wannan nisa cikin minti 57 da daƙiƙa 30. Wato kowane kilomita cikin minti 2 da daƙiƙa 43 ko 44. A filin wasa mai mita 400, zagaye ɗaya ke nan cikin daƙiƙa 65, kuma sau 52 da ɗoriya ba tsayawa. Je ka gwada zagaye biyar kawai a haka, ka ji abin da ƙirjinka zai faɗa maka. A ɓangaren mata, Letesenbet Gidey ta yi awa 1 da minti 2 da daƙiƙa 52 a wannan birni a 2021, ƙasa da minti uku ke nan a kowane kilomita. Irin waɗannan sun shekara da shekaru suna horo a kan tsaunuka, kamar Iten ta Kenya mai tudun mita 2,400, kuma a gabansu akwai masu jan gudu da ake biya su riƙe musu sauri ɗaya. Tserensu daban, naka daban, ko da hanyar ɗaya ce.

Gyaran lissafi ne, kuma a gida ake yin sa. Idan burinka awa 1 da minti 10, kowane kilomita minti 3 ne da daƙiƙa 19. Za ka wuce alamar kilomita 5 a 16:35, ta 10 a 33:11, ta 15 a 49:46. Ɗauki biro ka rubuta lambobin nan uku a cikin damtsenka na hagu, inda ido zai faɗa kansu kana gudu. In ka iso kilomita 5 agogo ya nuna 15:50, kada ka yi murna, bashi ka ci, kuma za ka biya shi da riba kafin ƙarshe. Sassauta nan take. Gara ka makara da daƙiƙa biyar a farko, domin wanda ya isa kilomita 15 da sauran ƙarfi shi ke tsintar mutane a hanya. Ka kuma nemi ayarin da ke tafiya daidai da lissafinka ka shige tsakiyarsu, su tare maka iska. Burin kansa kada ka ɗauko shi daga mafarki: auna kanka a kilomita 10 makonni uku kafin tafiya, abin da ka yi can shi zai gaya maka gaskiya.

Sai maganar kwalta. Da yawa daga yaranmu a yashi da jar ƙasa suke horo, abin da ke ƙarfafa ƙafa kuma yake sauƙaƙa wa gwiwa. Amma tseren birni kwalta ce daga farko har ƙarshe, kuma kwalta ba ta yafiya: duk takun da ka yi tana mayar maka da shi a ƙwauri da cinya. Wata biyu kafin tseren, ka mayar da dogon gudunka na mako kan kwalta, kilomita 16 zuwa 20, da sassafe kafin manyan motoci su fito, kana fuskantar masu zuwa. Makon ƙarshe kuma ka rage horo sosai. Akwai masu ƙara wuta a kwanakin nan saboda fargaba, su isa wurin tashi a gajiye.

Takalmi ma yana cin mutane. Wani ɗan'uwa ya aiko da sabo fil, ko an haɗa kuɗi an saya a birnin ana gobe tsere, yaro ya sa shi ranar farko don ya fito fes. Kafin rabin hanya bororo ya tashi a dunduniya, farce ya yi baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takalmin tsere sai an yi gudu da shi sau da yawa, har da dogo guda, da safar da za a sa ranar. Mai neman shiga sahun kyauta kuma ya sani cewa tun 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin ƙasan takalmin tseren hanya, kada ya wuce milimita 40.

Akwai wani ruɗi da nake yawan ji: "Mu da muka saba da ranar Damagaram, wane zafi ne zai ba mu tsoro?" Gaskiya ne mun san zafin da ya haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu. Amma namu busasshe ne, zufa na fita tana bushewa, jiki na samun sanyi. A biranen bakin teku irin Legas, Kwatano da Abijan, iskar cike take da danshi, zufa ba ta bushewa, riga ta jiƙe sharkaf amma jiki na ta ɗaukar zafi. A can dole ka ƙara ƴan daƙiƙoƙi a kan lissafin kowane kilomita, ka riƙa zuba ruwa a ka da wuya. A Turai kuma akasin haka: sanyin safiya ya dace da gudu, amma tsayuwar jira kafin tashi na sandarar da jiki. Sa tsohuwar riga a sama, ka yar da ita in an kusa harbi.

Shan ruwa cikin gudu ma sai an koya. A kan tebur ake jera shi, yawanci duk bayan kilomita biyar, sau da yawa a kofin takarda. Wanda bai saba ba ya fizga ya kai baki, rabi ya shiga hanci, ya ƙware, ayarinsa ya tafi ya bar shi. Matse bakin kofin da yatsu biyu ya zama tsukakke, ka kurɓa sau biyu ko uku, ka yar a gefe. Gwada wannan a gida, ƙaninka ya tsaya bakin hanya ya miƙa maka. Ranar tsere kuwa kada ka karɓi komai daga hannun ɗan'uwa a wajen wuraren da aka keɓe, kada kuma wani ya raka ka a keke ko babur, domin ana iya soke sakamakonka.

Tafiyar kanta tana cin ƙafa. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda a naɗe cikin bas. Wanda ya sauka ana gobe tsere ya riga ya yi asara. Isa da kwana biyu ko uku, ka karɓi lambar ƙirjinka da wuri, ka je ka ga wurin tashi da idonka. Abinci kuma ka tsaya kan wanda cikinka ya sani: shinkafa da dare ba yaji da yawa, burodi da shayi awa uku kafin tashi. Wake, kilishi da fura mai tsami su jira sai an gama.

Agogo mai GPS, wanda ke auna nisan da ka yi, yana rikicewa tsakanin dogayen benaye da ƙarƙashin gada, don haka alamun kilomita na bakin hanya su ne abin dogaro. An auna hanyar ne ta layi mafi gajarta, saboda haka ka yanke kwana ta ciki, kada ka bi ta waje kana ƙara wa kanka mitoci kyauta.

Maganar ƙarshe ta fi nauyi a zuciyata, ita ce ta ƙwaya. Ba ɓoyayyen abu ba ne yadda tiramol ya shiga cikin samarinmu, kuma akwai masu raɗa wa ɗan gudu cewa yana kashe gajiya. Tun 1 ga Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi lokacin gasa, kuma a manyan tsere ana gwada fitsarin waɗanda suka zo gaba. Ko ba gwaji, maganin da ke toshe jin ciwo yana hana ka jin lokacin da jiki ke neman ceto. Haka magungunan ciwon jiki irin diklofenak: a sha su a yi dogon gudu cikin zafi da ƙishi, ƙoda ce ke ɗaukar wahalar. Jiƙe-jiƙen da ba ka san abin da ke ciki ba ma ka bar su. Idan kuma zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da kai kwanaki kaɗan kafin tafiya, je asibiti a duba jininka, likita ya yanke hukunci. In ya ce ka haƙura, ka haƙura, ko da an riga an biya kuɗin mota.