Kurakuran da ke kashe batirin ɗaki a motar da aka mayar gida

Motar da aka mayar gida, mai gado da firji da fitilu a ciki, batura kashi biyu take aiki da su. Akwai na tada inji, akwai kuma na ɗaki, wanda ke ba kayan ciki wuta bayan an kashe mota. Na biyun nan shi ya fi cin kuɗin mutane. Da zarar fitila ta fara dusashewa tun kafin asuba, sai a cire tsoho a ɗora sabo, bayan shekara guda sabon ma ya bi sahu. Dalili kuwa shi ne abin da ya kashe na farkon yana nan a cikin motar, ba wanda ya neme shi.

Mu fara daga wajen saye. Wasu batirin tada inji suke sa wa ɗaki, don ya fi arha kuma kamanninsu ɗaya. Amma farantan dalmar da ke cikinsa sirara ne, an yi su don su ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi sannan a mayar musu nan take. In ka riƙa zuƙe shi kowane dare, 'yan watanni zai yi ya gaji. Na ɗaki farantansa masu kauri ne, shi aka ƙera don a sauke shi a hankali a sake cika shi sau ɗaruruwa. Arha dai ba ta ado.

Sai lissafi, wanda yawancin mutane ke tsallakewa. Idan an rubuta 100Ah (Ah shi ne amfiya sau awa, ma'aunin yawan wutar da batiri ke ajiyewa) a jikin batirin dalma, kada ka ɗauka ɗarin duka naka ne. Rabi ne naka, domin sauke shi ƙasa da kashi 50 cikin 100 a kai a kai yana rage masa kwana sosai. A ce firjinka yana jan amfiya 4, injinsa kuma yana aiki awa 10 a kwana guda, 40Ah ke nan. Ƙara fitilu, famfon ruwa, fanka da cajin waya, a ce 20Ah. Ka ga 60Ah ta tashi, alhali 50 kake da ita. Kullum cikin bashi batirin yake kwana. Mai irin wannan buƙata 120Ah ce mafi ƙanƙantar abin da zai saya na dalma, in kuma yana son ya yi kwana biyu a tsaye cikin hadari ba rana, sai ya ninka. Zauna da takarda ka rubuta kowane kaya da awannin da yake yi kafin ka je kanti. Don sanin halin da batirin dalma yake ciki, bar shi ya huta 'yan awanni ba caji ba kaya, sannan ka auna: bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, wajen 12.2 ya kai rabi.

Inda aka fi yin asara a yanzu shi ne wajen komawa litiyam, wato irin da ake rubuta wa LiFePO4. Batiri ne mai kyau, ni ma shi nake ba da shawara ga wanda zai riƙa kwana a mota da gaske. Nauyinsa bai kai rabin na dalma ba, ana iya amfani da kashi 80 ko fiye na abin da ke cikinsa, kuma yana jure dubban saukewa da cikawa. Sai dai masu sayarwa suna yawan cewa cire wancan kawai ka sa wannan, kuma a nan matsalar take. Duk abin da ke ba batiri caji a motar, an saita shi ne don dalma.

Ɗauki altaneta, wato na'urar da ke cajin batiri idan inji na aiki. Batirin dalma da kansa yake rage abin da yake karɓa yayin da yake cika. Litiyam kuwa, in ya yi ƙasa, duk abin da aka miƙo masa zai janye. Idan rile, wato makunnin da ke jona batirin ɗaki da caji idan an tada mota, shi ne kawai tsakaninsa da altaneta, musamman mota tana tsaye inji na juyawa a hankali, fankar altanetar ba ta samun saurin da za ta sanyaya ta, sai ta yi zafi har ta ƙone. Maganin shi ne cajar DC-DC, wadda ke ƙayyade amfiyar da za ta wuce, ta kuma ba da bolt ɗin da ya dace. Sababbin motoci da yawa ma altanetarsu kwamfutar mota ce ke ɗaga ta tana sauke ta don tsimin mai, saboda haka ko dalma gare ka, rile ba zai cika maka batiri yadda ya kamata ba. Haka za ka bi ta kan na'urar cajin sola da cajar da ake jonawa a wutar gida. Litiyam yana son bolt 14.2 zuwa 14.6, kuma dole a kashe tsarin nan na ɗaga bolt sama sosai lokaci-lokaci, wanda aka yi don batirin dalma mai ruwa. Batirin AGM da na jel, waɗanda na dalma ne rufaffu, su ma ba sa son wannan tsarin.

Akwai kuma sanyi. Ba a cajin litiyam idan sanyinsa ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyos ko ƙasa, domin lahanin da yake yi wa cikinsa ba ya gyaruwa. Wanda zai shiga ƙasashen ƙanƙara ya sa batirin a cikin ɗaki, ya kuma tabbata na'urar kariyar da ke cikinsa, wadda ake kira BMS, tana yanke caji idan sanyi ya yi yawa, don ba kowace ke yi ba. Na'urar nan tana da iyakar amfiyar da za ta bari ta fita, sau da yawa 100. Inbata, wadda ke juya wutar batiri zuwa irin ta gida, mai wat 2,000 a kan bolt 12 tana iya jan fiye da amfiya 170, sai ka ga komai ya ɗauke ana tsakiyar dafa ruwa, a zaci batirin ne ya lalace. Kuma auna bolt ba ya gaya maka gaskiyar abin da ya rage a litiyam, don kusan wuri ɗaya yake tsayawa har ya kusa ƙarewa. Sa ma'aunin da ke ƙirga amfiyar da ta shiga da wadda ta fita.

Kada ka haɗa sabo da tsoho, ko dalma da litiyam, a jere ɗaya. Mai rauni zai riƙa jan mai ƙarfi ƙasa. In batura biyu ne a haɗe gefe da gefe, wayoyin da ke tsakaninsu su zama tsawo ɗaya da kauri ɗaya, ka ɗauki fozitif daga na farko, nagatif daga na ƙarshe, don su raba aikin daidai.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ganin waya mai kauri ta fito daga batiri ba fis. Wannan mota ce da mutum zai kwanta a ciki, wani lokaci da iyalinsa. In wayar ta goge ta taɓa ƙarfen mota, gobara ce cikin daƙiƙoƙi. Fis yana zama ne dab da kan fozitif, girmansa kuma gwargwadon abin da wayar za ta iya ɗauka. Batirin dalma mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, saboda haka akwatinsa yana buƙatar hanyar iska zuwa waje. Kowane iri ne kuma, a ɗaure shi tam, don a ranar hatsari abu mai nauyin kilo 25 ba abin wasa ba ne.

Ranar canjin, ɗauki hoton wayoyin tukuna. Kashe inbata, zare wutar gida, sannan ka raba farantan sola da na'urar cajinsu kafin ka taɓa batiri, domin wasu na'urorin suna lalacewa idan rana tana ba su wuta babu batiri a jone. Cire zobe da agogo, naɗe hannun sifana da tef. Nagatif ake fara cirewa, shi ake mayarwa a ƙarshe. Wajen haɗawa, batiri ne farko, sola daga baya. Tsohon batirin kuma a kai wa masu karɓa don sake sarrafawa, dalma da ruwan cikinsa guba ne.

In za ka ajiye motar na watanni, yanke batirin da makunninsa, don ƙananan kaya suna ta tsotsa ko an kashe su. Na dalma a cike ake ajiye shi, a riƙa ƙara masa caji lokaci-lokaci, domin in ya daɗe a sauke farantansa suna yin ɓawon da ba ya narkewa. Litiyam kuwa ya fi son a bar shi da kamar rabin caji, a wuri mai inuwa.