Yadda za ki bi gasar ƙwallon kwando ta 'yan matan jami'o'in Amurka daga Sakkwato

Ina koyar da wasannin motsa jiki a wata makarantar 'yan mata a nan Sakkwato. Tun da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwando ta matan Najeriya, suka kai zagayen 'yan takwas a gasar Olamfik ta 2024 ɗalibaina ke tambaya, "Malama, wai a ina suka koyi wasa haka?" Da yawansu a jami'o'in Amurka ne. Amy Okonkwo ta buga wa jami'ar TCU, ita kuma Rena Wakama da ta jagorance su a gasar ta buga wa Western Carolina. Ga yadda nake bin kakar tasu, ko ke ma za ki gwada.

Ki zaɓi ƙungiya ɗaya tak tun watan Nuwamba, lokacin da ake buɗe kaka. A babban matakin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, jami'o'i sun haura 350, wanda ya ce zai bi duka kansa ne zai yi ciwo. Ni South Carolina nake bi saboda mai horar da su, Dawn Staley, wadda a 2024 ta ci wasa 38 ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta rufe da doke Iowa 87 da 75. In kina son mai tarihi ga UConn, wato jami'ar Connecticut, ta ɗauki kofi na 12 a 2025. In kuma sunan gida kike nema, ki duba jerin 'yan wasa, ba za ki daɗe ba ki ci karo da 'yar asalin Najeriya. Arike Ogunbowale ce ta ci wa Notre Dame kofin 2018 da jifar daƙiƙar ƙarshe, kwana biyu bayan ta yi irin ta a wasan kusa da na ƙarshe.

Dokokin ba su da wahala. Zango huɗu ne, kowanne minti 10. Ƙungiya na da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo raga, 'yar wasa kuma in ta yi laifi biyar ta fita ke nan.

Wasannin Nuwamba da Disamba kada su hana ki barci, taƙaitaccen bidiyo a YouTube ya isa, ga sauƙin data. Jami'o'in an kasa su rukuni-rukuni, daga Janairu kowace ke komawa karawa da 'yan rukuninta, a nan ake sanin wa ya iya. Farkon Maris kowane rukuni ya yi gasarsa, wadda ta ci ta samu gurbi kai tsaye a gasar ƙasa. Ragowar guraben wani kwamiti ne ke cikewa, har adadin ya kai 68 kamar yadda aka mayar da shi a 2022. Wata ranar Lahadi a tsakiyar Maris ake bayyana jadawalin.

To a nan nake son ki natsu. Ki sami takarda babba ki zana jadawalin da hannunki, kar ki dogara da waya. Ƙungiyoyi takwas za su fara karawa a zubar da huɗu, saura 64, a raba su yanki huɗu, kowane yanki 16. A kowane yanki an jera su daga ta 1 zuwa ta 16 bisa ƙarfi: ta 1 ta haɗu da ta 16, ta 2 da ta 15, har a zo ta 8 da ta 9. Sili-ɗaya-ƙwale ne, babu wasan ramuwa. Zagaye biyu na farko ana yin su ne a gidan ƙungiyoyi 16 da suka fi ƙarfi, shi ya sa ba a cika ganin abin mamaki ba, ko da yake a 1998 Harvard tana ta 16 ta fitar da Stanford, ta ɗaya, har gida.

Daɗin yana zagayen yanki. Saura ƙungiyoyi 16, kowa ya bar gidansa, babu mai tinƙaho da 'yan kallonsa. Tun 2023 birane biyu ke ɗaukar yankuna huɗun, a 2025 Birmingham da Spokane ne. Wasa biyu ke tsakanin ƙungiya da kofin yanki, kwana ɗaya na hutu a tsakani, mai horarwa ba ta da lokacin dogon nazarin abokan karawa. A nan ake bambance ƙungiyar da ke da mutane a benci da wadda ta jingina da tauraruwa ɗaya. A ganina wasan ƙarshe na yanki ya fi na ƙasa zafi, don saura taki ɗaya a shiga 'yan huɗu, kuma masu shekarar ƙarshe a makaranta sun san in an faɗi sun cire rigar ke nan har abada. Ki sa ido kan zango na uku, da 'yar wasan da ta riga ta ɗauki laifi uku.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ke kayar da mutane. Yawanci da agogon gabashin Amurka ake sanar da wasa. Daga Nuwamba zuwa farkon Maris ki ƙara awa shida, wasan bakwai na yamma ya zama ɗayan dare a nan. Ranar Lahadi ta biyu a Maris sukan tura agogonsu gaba, sai ya koma awa biyar. Ki cika waya da caji tun da rana, don ƙarshen Maris zafin Sakkwato ya kankama, wuta kuma ba tabbas. Ni a tsakar gida nake shimfiɗa tabarma in sa abin kunne, kada in tashi yara. A 2024 da 2025 gasar ta faɗo cikin azumi, wasannin dare suka yi daidai da jiran sahur.

Iyaye kan tambaye ni batun sutura. Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa Memphis da Indiana State da hijabinta, kuma a 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta janye dokar hana rufe kai. Hotonta nake fara nuna musu kafin in nemi a bar yarinya ta zo atisaye.

Zakarun yankuna huɗu su ne ke haɗuwa a farkon Afrilu, Juma'a wasannin kusa da na ƙarshe, Lahadi na ƙarshe. A 2024 da 2025 da ƙarfe uku na rana agogonsu aka fara na ƙarshen, wato takwas na dare a nan. Wannan kam ba sai an yi kwanan zaune ba, ki tara ƙannenki bayan Isha'i ku kalla tare.