Shawara ga matuƙin jirgin sama mai son zama malamin tuƙi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Duk wanda ya daɗe yana tuƙa manyan jiragen fasinja kuma yake son komawa koyarwa, shawarata ita ce ya fara sabawa da ƙaramin jirgi irin Cessna 172 kafin ya nemi lasisin malanta. A Amurka, hukumar kula da sufurin jiragen sama (FAA) ta hana tuƙa jirgin kamfanin fasinja daga shekara 65, amma ba ta sa wa malami wannan iyaka ba. Sai dai yawan awannin tuƙi ba ya ɗauke wa mutum jarrabawa, domin zai rubuta ta dabarun koyarwa da ta ilimin tuƙi, sannan a gwada shi a sama yana zaune a kujerar dama, inda malami yake zama.

Sauka ce ta fi ba tsofaffin kyaftin wahala, saboda idon da ya saba da tsayin babban jirgi yakan sa su ɗaga hancin ƙarami tun ƙasa tana nesa. Ku yi ta maimaita sauka daga kujerar dama, kuna bayyana da baki duk abin da hannunku yake yi, kamar ɗalibi yana gefenku.