Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa filtar kifi a gida

Haɗa filtar akwatin kifin ado ba wani abu ba ne mai wahala wallahi. Gorar ruwa ta roba, soso, ɗan injin iska da tiyonsa. Ka huhhuda gindin gorar, ka cusa soso, ka zura tiyon har ƙasa, kumfar da ke tashi sama ita ke jan ruwa ya ratsa ta cikin soson. Inda ake samun matsala shi ne mutane sun ɗauka filta rariya ce kawai mai tare datti, alhali babban aikinta ma ido ba ya gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin amoniya, guba ce, to akwai wasu bakteriya masu amfani da ke zama jikin soson suna juya ta zuwa naitirait, shi ma guba, daga nan zuwa naitiret wanda cutarwarsa kaɗan ce. Kusan duk kuskuren da zan faɗa, waɗannan bakteriyar ake kashewa.

Mafi yawa shi ne wanki. Mutum ya ga soso ya yi baƙi sai ya kai bakin famfo ya dirje shi tas, wani har da omo don tsafta ta yi tsafta. Sinadarin kulorin da ke ruwan famfo yana kashe su, sabulu kuwa har kifin zai tafi da shi. Abin da za ka yi, ranar canjin ruwa ka ɗebi tsohon ruwan akwatin a bokiti, ka matse soson a ciki sau biyu ko uku, ka mayar da shi da sauran dauɗarsa. Wannan launin ƙasa-ƙasan da ke ba ka haushi, shi ne filtar. Kuma in za ka canja soso kada ka canja duka rana ɗaya, rabi yanzu, rabi bayan 'yan makonni.

Sai gaggawa. An haɗa filta da safe, da yamma an zuba kifi goma sha. Bakteriyar nan sai sun yi kamar sati 4 zuwa 6 kafin su kafu sosai, don haka fara da kifi biyu ko uku, abinci kaɗan, ko ka roƙi wani mai tsohon akwati lafiyayye ya yanko maka guntun sosonsa ka haɗa da naka, yana rage jiran sosai.

Irin soson ma abin dubawa ne. Na wanke-wanke da yawa an sa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ƙamshi, ka ga an yi ba a yi ba kenan. Soson wanka na gargajiya da audugar gaske ruɓewa suke a ruwa. Nemi soso sabo mai manyan ƙofofi, sa a baki ka hura, in iska ta wuce salin alin to ruwa ma zai wuce. Audugar roba ta cikin filo tana kama ƙananan datti, amma a bayan soson ake sa ta, in ka sa ta farko kwana kaɗan ta toshe. Tsingaron sabuwar tukunyar ƙasa mara fenti shi ma yana da kyau, bakteriya na son jikinsa. Gawayin girki dai a bar shi a murhu don Allah, ba shi ne wanda ake sayarwa na filta ba, kuma filtarka za ta yi aiki ko babu gawayi sam.

Kada ka ɗaure komai da wayar wuta, jan ƙarfe guba ne a ruwan kifi, zaren roba ya isa. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko maganin ƙwari kuwa ko ka wanke sau nawa, manta da ita.

Maganar wuta fa? Akwai masu kashe injin da dare wai ƙara ko tattalin mita. Bakteriyar nan da iska suke rayuwa, in ruwa ya tsaya awanni da yawa sai su fara mutuwa. Ƙaramin injin iska na USB da fawa banki yana maganin ɗaukewar NEPA. Sannan ka ɗora injin sama da tsayin ruwan, don in yana ƙasa aka ɗauke wuta ruwa na iya biyo tiyon ya koma cikinsa, ga jiƙa ɗaki ga haɗarin shokin.

Kuma ko filtar ta kafu, naitiret taruwa yake, ba ta cire shi. Duk sati ka kwashe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo. In na famfo ne ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukuna, ko ka ɗiga masa maganin cire kulorin.